Bangon da Ruwan Agusta Ya Raba Biyu

Akwai wani tsohon magini a Gozaki, cikin ƙaramar hukumar Kafur, ana ce masa Malam Maitama. Duk zauren ƙasa da ka gani a garin har yau yana tsaye, to ko shi ya gina shi, ko mahaifinsa.

Amma an fi shekara goma sha biyar ba wanda ya kira shi gini. Kowa ya koma bulo da siminti da kwano. Maitama ya koma gonarsa, yana noma masara da 'yar auduga, bai taɓa yi wa kowa ƙorafi ba.

A garin kuma akwai ƙungiyar mata masu ajiye iri, su arba'in da biyu, shugabarsu Hajiya Barakatu. Da kaka suke zaɓen masara da waken suya mafi kyau su adana. Idan damina ta faɗi su shuka nasu, ragowar kuma manoman ƙauyukan kusa su zo su saya.

Sun gina sito na bulo, aka rufa masa kwano, aka shafa shuɗin fenti. Kowa ya yaba. Sai bazara ta zo.

Wanda ya san zafin Afrilu a yankinmu ya san abin da kwano yake yi. Siton nan ya koma tanderu. Da aka shuka irin, cikin rami goma da ƙyar uku suka tsiro. Wani mutumin Maska ya tare Hajiya Barakatu a tsakiyar kasuwa, ya ce mata ashe dafaffiyar masara ta sayar masa.

Ta dawo gida ta tara matan. Ta ce musu magana ɗaya ce: in aka sake irin wannan, ba wanda zai ƙara karɓar irinsu, ƙungiyar kuma ta mutu ke nan. Dole kafin a karya masarar bana a sami ɗaki mai sanyi.

Ana cikin haka Talha ya dawo. Ɗan garin ne, shekara takwas yana waje tsakanin karatun injiniya da aikin gine-gine. Ya dawo da wani inji a bayan babbar mota, da allunan sola, da baki cike da bayani.

Ya ce wa matan siminti ba abin yi wa kallon ado ba ne, don kafin a sami buhu ɗaya sai an ƙone dutse da wuta mai yawa, hayaƙin kuma yana cikin abin da ke ƙara wa duniya zafi. Ya ce shi da ƙasar garinsu zai gina musu, simintin da zai sa kaɗan ne, awo ɗaya cikin ashirin. Bango mai kauri, ɗaki mai sanyi.

Ranar da aka kunna injin a ƙarƙashin rumfa, har daga Kafur mutane suka zo a kan babura.

Jama'a, abin kallo ne. Ka zuba ƙasa ta sama. Injin da kansa zai tankaɗe ta, ya auna siminti, ya yayyafa ruwa, ya gauraya, sannan ya matse. Kafin ka gama gaisawa da na kusa da kai, ga bulo ja ya fito, gefensa kamar an yanka da wuƙa. Kowane yana da ƙugiya da rami, ya shige cikin ɗan'uwansa ba sai an sa kwaɓi a tsakani ba. Ba fetur, ba gas, rana kawai yake sha.

Malam Maitama yana cikin masu kallo. Ya ɗauki bulo ɗaya, ya juya shi, ya ƙwanƙwasa da yatsa ya kai kunnensa. Sannan ya ce, "Allah mai iko. Abin da muke wuni muna murzawa da hannu."

Nan take ya roƙi Talha ya ba shi aiki. Talha ya ce ai wannan ginin ba ya bukatar magini irin na da, gurbi ɗaya ne ya rage, na mai zuba ƙasa a bakin inji. Maitama ya ce ya karɓa.

Hajiya Barakatu taubashiyarsa ce, ba ta raga masa. Ta ce, "Oh ni Barakatu, yau ga mai gina soraye ya koma ɗan shebur. Ko in kawo maka gammo?"

Ya ce, "Kawo fura dai, in kin iya damawa. Ni so nake in tsaya kusa da abin nan in ga yadda yake tunani."

Ƙasar daga tsohon kududdufin bayan gari ake haƙo ta. Kafin a fara, Talha ya ɗebi ƙasa daga gefen arewa na ramin ya kai ɗakin gwaji a Zariya, aka ba shi takarda cewa ta yi. Masu haƙan su shida ne, babbansu Ɗanasabe, kuma dukkansu manoma ne.

To, gefen arewan nan jar ƙasa ce mai birji, in ka sara diga sai ta yi tsalle. Gangaren kudu kuwa baƙar ƙasa ce mai laushi, shebur yana shiga kamar cikin tuwo. Manomi kuma in ya ga baƙar ƙasa mai laushi, ransa fari yake yi. Su Ɗanasabe suka riƙa gangarawa kudu, suna ganin sun sami sauƙi, kuma sun yi wa ginin gata.

Duk baron da ya iso, sai Maitama ya damƙi ƙasar a hannu. Ya matse, ya sake ta daga ƙirjinsa ya ga yadda za ta fashe. Wani lokaci ya ɗan sa a haƙori. Wani baron ya zuba wa inji, wani ya ce a juye shi gefe.

Tsibin gefe ya yi ta girma. Inji yana tsayawa jiran ƙasa. Ɗanasabe ya kai ƙara wurin Talha, ya ce tsohon nan yana zubar musu da wahala, kuma ƙasar da ta fi kowace kyau yake ƙi, wadda in ka sa a gona ko taki ba ka nema.

Talha ya duba ya ga bulon da ake bugawa a rana bai kai rabin abin da ya tsara ba. Ya zo bakin inji a fusace.

Maitama ya miƙa masa dunƙulen ƙasa ya ce, "Injiniya, taɓa ka ji. Wannan ta noma ce, ba ta gini ba."

Talha bai karɓa ba. Ya ce, "Baba, ƙasar kududdufin nan an gwada ta a Zariya, ga takarda. Kuma ban ga inda suka rubuta a riƙa lasa ba."

Leburori suka yi dariya. Talha ya ce wa Maitama ya je gida ya huta, zamani ya wuce wurin.

Maitama ya jingine shebur, ya wanke hannunsa a bokiti, ya ce Allah ya ba da sa'a. A hanya ya biya gidan Hajiya Barakatu ya gaya mata abin da ya gani, don iri na mutane ne, bai kamata ya yi shiru ba. Ta je ta sami Talha. Ya nuna mata takarda mai hatimi, cike da Turanci da lambobi. Ta juya ta sama, ta juya ta ƙasa, ta mayar masa.

Daga ranar inji bai ƙara tsayawa ba. Tsibin da aka juye gefe ma duk aka kwashe aka zuba masa. Bulo ya yi ta fitowa, launinsa ya ɗan yi duhu, Talha ya ce danshin damina ne. Da suka sha iska aka fara ɗorawa, bi da bi yadda aka buga su. Cikin kwana kaɗan bango ya wuce tsayin mutum, aka lulluɓe samansa da tamfol.

Wata Alhamis a ƙarshen Agusta, bayan azahar, hadari ya taso daga gabas. Iska ta fizge tamfol ɗin ta kai shi kan wata ɗorawa. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya har bayan la'asar.

Da ya ɗauke, gari ya fito. Duk wanda ya iso wurin sai ya tsaya cak.

Daga ƙasa zuwa ƙirjin mutum, bangon yana nan ja wur, gefen kowane bulo a tsaye, yana ƙyalli kamar an wanke shi don biki. Daga ƙirji zuwa sama kuwa ya jiƙe ya kumbura, ya zube, baƙin taɓo yana gangarowa. Tsakanin biyun layi ne miƙaƙƙe, ya zagaye ɗakin duk kusurwa huɗu, kamar an ja zare.

Ruwa ɗaya ya dake su. Inji ɗaya ya buga su.

Talha ya ruga ya duba injin. Injin yana ajiye bayanin kowace rana, kuma komai daidai yake: matsi ɗaya, siminti ɗaya, ruwa ɗaya, tun daga ranar farko. Ya fito yana ta latsa waya.

Hajiya Barakatu ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Talha, masarata ta fara fitar da gemu. Ka ce inji bai canza ba, siminti bai canza ba. To me ya canza?"

Ɗanasabe ne ya matsa kusa da bangon, ya ɗora yatsa a kan layin. Ya ce a hankali, nan ne bulon da aka buga lokacin Baba Maitama ya ƙare.

Washegari da safe Talha ya sami Maitama a gonar audugarsa yana cire ciyawa. Ya tuɓe takalmi ya durƙusa cikin kunya.

Maitama ya riga shi magana. Ya tambaya ko ginin ya faɗa wa wani. Talha ya ce a'a. Ya tambaya ko ruwa ya shiga cikin injin. Talha ya ce a'a.

Ya ce, "To alhamdu lillahi. Tashi, ɗana, kana ɓata wandonka. Ƙasa ce ta koma ƙasa, ba a yi asarar rai ba."

Ya ajiye fartanya suka nufi kududdufi. Ya sa Ɗanasabe ya kawo ƙwarya biyu da ruwa. Ya jefa gutsuren jan bulo a ɗaya, na baƙin a ɗaya. Kafin su gama zagaya ramin, baƙin ya narke ya zama kunu. Jan yana zaune abinsa.

Ya bayyana musu cewa baƙar ƙasar nan ruɓaɓɓen ganye ne da kashin dabbobi da laka, shi ya sa shuka take son ta. Amma laka in ta sha ruwa kumbura take yi, in ta bushe ta tsage, ɗan simintin nan ba zai iya riƙe ta ba. Jar kuwa tana da birji da yashi da laka kaɗan, daidai yadda za ta kama.

Ya juya wurin Talha ya ce, "Takardarka ba ta yi ƙarya ba. Ta faɗi gaskiya a kan ƙasar da ka kai mata. Sai dai rami ɗaya ba ƙasa ɗaya ba ce, kuma injin nan ba shi da harshe. Abin da ka ba shi, shi zai matse."

Ɗanasabe ya sosa ƙeya ya ce, "Mu fa wallahi gani muke mun ba ginin nama, kai kana ba shi ƙashi."

Maitama ya ce, "Kai ka taɓa ganin abin da ya tsaya ba ƙashi?"

Mako bakwai suka rage a karya masara. Aka rushe ɓangaren sama. Maitama ya kafa turaku a gefen arewa, ya ce kada diga ta wuce su. Ya koma bakin inji da sheburinsa, amma yanzu Talha yana tsaye kusa da shi, hannunsa dumu-dumu da ƙasa, yana koyon yadda ake matsewa. Wata rana har aka gan shi yana sa ta a haƙori. Hajiya Barakatu ta ce to, an sami mahaukata biyu.

Da bango ya sake kai tsayi, sai maganar rufi ta taso. Talha ya tsara kwano ne da silin mai kauri. Maitama ya ce kwano shi ya dafa irin bara, a yi rufin ƙasa mai baka, irin ɗaurin guga na da. Matsalar ita ce azara. Giginyar da ake faskarawa ta yi ƙaranci, ba kuma wanda yake so a sare ragowar.

Talha ya ce akwai hanyar da bulon da kansa zai riƙe kansa, ba azara ba ƙarfe, in dai an sami lanƙwasar daidai. Za a kafa katako a ƙasa a jera bulo a kai, daga baya a cire katakon. Amma in lanƙwasar ta kuskure, duk rufin zai sauko.

Ya zauna a rumfa da kwamfutarsa yana lissafi tun hantsi. Maitama kuwa ya auna faɗin ɗakin da taku, ya ɗauki kara, ya share fili, ya zana baka ɗaya a ƙasa ba tare da ya ɗaga hannu ba.

Da Talha ya gama, ya fito da ma'auni ya bi zanen tsohon wuri-wuri. A tsakiya daidai. A gefen dama daidai. A gefen hagu bambancin bai kai faɗin yatsa biyu ba.

Ya zauna a ƙasa yana kallon zanen. Ya tambaye shi wa ya koya masa wannan lissafin. Maitama ya ce shi bai san lissafi ba ne, mahaifinsa dai in ya zana ba daidai ba, da ƙafa yake sharewa ya ce sake. Shekara bakwai yana sakewa.

Aka jera rufin cikin kwana tara. Matan ƙungiya, da yake da yawansu suna daddawa, suka kwaso ɓawon ɗorawar da suka tara. Aka jiƙa aka yi makuba, Maitama ya haɗa ta da ƙasa aka yaɓe saman, don ruwa ya riƙa zamewa ya bi indararo. Aka bar ƙananan tagogi can sama don iska.

Sai ranar cire katako. Rabin gari ya taru, kowa ya tsaya nesa-nesa.

Maitama ya ce a gidansu ba a cire tokara magini yana waje. Wanda ya ɗora rufi, shi ke tsayawa a ƙarƙashinsa, don in akwai ha'inci a aikin ya fara sauka a kansa kafin ya sauka a kan mai ɗaki. Ya gyara hularsa ya shiga.

Hajiya Barakatu ta ce masa ya fito, ba ta da lokacin zaman makoki ga kaka ta zo. Bai ko waiwayo ba.

Talha ya tsaya a bakin ƙofa, zufa na keto masa. Ya yarda da lissafinsa, amma ya tuna haka ya taɓa yarda da takardar Zariya. Sai ya sunkuya ya shiga, ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da tsohon.

Maitama ya ce, "Kai ba dolenka ba ne."

Talha ya ce, "Rabin rufin nawa ne, Baba."

Su Ɗanasabe suka fara zare tokara ɗaya bayan ɗaya, kowa yana bismilla. Da aka zare ta ƙarshe, katakon ya saki, rufin ya yi wata 'yar ƙara, ƙura kaɗan ta zubo a kan hulunansu.

Shi ke nan. Bulo sama da dubu yana rataye a sama, ba ƙarfe, ba itace, kowane yana jingine da ɗan'uwansa. Can wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, sauran mata suka karɓa.

Kwana shida bayan haka aka fara karya masara. Aka shanya, aka zaɓa, iri ya shiga ɗaki.

Ni da nake ba ku labarin nan, tun da na dawo gida ba na iya zama wuri ɗaya, don haka cikin Afrilu na hau babur na je na gani. Da tsakar rana na isa, kujerar babur tana ƙona ni. Na shiga ɗakin nan sai na ji kamar na sa kai a cikin randa. Na dafa bangon, na daɗe ban cire hannu ba. Na ga dogayen gine-gine a garuruwan da na zauna, ba wanda ya sa ni yin shiru kamar wannan.

Amma sanyin da jiki ya ji ba shi ne hukunci ba. Iri ne zai faɗa.

Da hadarin farko ya fara haɗuwa, Hajiya Barakatu ta ɗebi ƙwayar masara ɗari daga buhuna daban-daban. Ta jera su a jiƙaƙƙen buhu, ta naɗe, ta ajiye a inuwa. Kwana biyar tana yayyafa ruwa, ba ta bari kowa ya leƙa ba, ita ma ba ta leƙa ba.

Rana ta shida matan suka taru a ƙofar siton. Ta aika aka kira Maitama da Talha. Ta ma aika Maska aka kira mutumin nan da ya tare ta a kasuwa.

Ta durƙusa ta warware buhun. Fari fat, saiwa ta sarƙe da saiwa, kowace ƙwaya ta turo ɗan koren kai. Aka rasa yadda za a ƙirga masu tsiro, sai aka nemi waɗanda ba su tsiro ba. Huɗu aka samu.

Hajiya Barakatu ta tsince huɗun nan, ta kama hannun mutumin Maska ta zuba masa. Ta ce, "Ungo, Malam. Dafaffun bana ke nan, duka na ba ka."

Sannan ta zauna a dandamali ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna motsi. Matan suka kewaye ta.

Yau injin Talha yana aiki a Malumfashi, daga nan an ce Funtua za shi. Duk garin da ya sauka, ba a kunna shi sai Malam Maitama ya zagaya rami ya kafa turakunsa.

Darasi: Sabon ilimi ni'ima ne, amma ba ya aiki shi kaɗai. Kada takarda ko na'ura su sa ka raina mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa yana taɓa abin da kai ka karanta. Kai kuma da aka raina, ka faɗi gaskiyarka, ka riƙe haƙuri, kada ka rufe ƙofa ranar da aka dawo neman ka. Ku tura wa 'yan'uwa wannan labari, musamman mu matasa da muka dawo gida da sabon abu a hannu.